Ranar da Mato Jikan Gyartai Ya Tuɓe Hula

A gyara zama, mai goro a baki ya tofar, domin za a ambaci zuriyar da ba a ambatonta da baki cike. Wannan labarin Mato ne, ɗan Barau, ɗan Jatau: Jatau gyartai, wanda ya ɗinke fasassun ƙoren matan gari bakwai, ba a taɓa jin kunu ya ɗiga ta ɗinkinsa ba, shi ya haifi Barau mai faci, dodon ƙusa, angon tayar tirela, wanda ya share shekara arba'in a bakin tasha gaban kwanon ruwa yana farautar kumfa, shi kuma ya haifi Mato mai gyaran famfo, Sarkin Yaƙin Bututu, Barden Sifana, Garkuwan Magudana, mai sa noti ladabi, mijin Asabe. Kaka da ɗa da jika, abokin gabarsu ɗaya ne tak a duniya: yoyo.

An kuma san mazan gidan da doguwar hula mai sheƙi a baki, wadda ba sa tuɓewa ko gaban wanzami sai an tura ƙofa. Wasu sun ce sanƙo suke ɓoyewa, wasu sun ce laya. A riƙe maganar hular nan, za mu dawo kanta.

Asalin fitinar kuwa shi ne, bututun ƙarfen garinmu sun tsufa, tsatsa ta cinye su har sun koma kamar rariya. Masu aikin ruwa suka ga ba za su tone gari kaf ba, sai suka zura sabon bututun roba cikin tsohon na ƙarfe, kamar a sa wa tsoho sabuwar singileti ƙarƙashin yagaggiyar riga. Dabara ce, ban raina ta ba. Amma duk inda reshen wani gida ya haɗu da uwar bututu, dole a huda robar, to nan ruwa ke samun kafa, ya bi tsakanin roba da ƙarfe, ya ɓullo tsakiyar layi, agwagi su yi biki.

Nan ne Allah ya buɗe wa Mato basira, ya yanko tif ɗin tayar tirela ya fitar da zobe mai leɓe biyu, ɗaya ya kama robar ciki, ɗaya ya danne ƙarfen waje, ya yi masa abin wuya na ƙarfe da noti biyu, ya raɗa masa suna ƙawanya. Inda duk ya ɗaura ta, ƙasa ta bushe, agwagi suka yi hijira.

Sai ga Ilu. Ilu ma mai gyaran famfo ne, rumfarsa na bakin kasuwa, hannunsa ba wani abin kirki, amma bakinsa ya fi lasifika. Ya tone ƙawanyar Mato guda, ya kwaikwaya, ya kafa allo ya rubuta sunansa da jan fenti. Tasa kwana uku take yi ta saki, domin akwai asiri a aikin da bai sani ba. Amma wa ya damu? Gari ya ɗauka: ƙawanyar Ilu, ƙawanyar Ilu. In ta riƙe a yaba wa Ilu, in ta zubar a ce ai irin ta Mato ce aka samu. Gwarzon ya haɗiye wannan shekara biyu, har ranar da yana cin tuwo Asabe ta leƙo ta ce, “Malam, bayan ɗaki fa ya jiƙe. Ka samo mana ƙawanyar Ilun nan mana.”

Ya ajiye lomar. Bai ƙara ko ɗaya ba, kuma miyar kuka ce da man shanu.

Washegari ya ɗaura ɗamarar fita, domin ya ji labarin wani ofishi a babban birni inda ake rajistar ƙirƙira, inda hukuma ke ba mutum takarda mai hatimi cewa abu kaza na wane ne, duk mai ja ya ja da gwamnati. Ya saɓa guntun bututu a kafaɗa kamar mashi, ya soke sifana a ƙugu, ya danna hula, ya hau bas, ya zauna tsakanin buhun albasa da wata mata mai kwandon kaji, ya keta dazuzzuka da gadoji da shingayen kan hanya tsawon awa shida, ƙafarsa ta hagu ta mutu tun a awa ta biyu bai yi ƙorafi ba. Da ya waiwaya a tsakiyar tafiya, sai ga Ilu a kujerar baya yana shan rake.

“Ina zuwa, jikan gyartai?”

“Inda za a rufe maka baki.”

“To mu je tare, ka ga bakin yana kusa.”

A hawa na uku na ofishin suka iske mai tantancewa, Injiniya Talatu, wata ’yar siririyar mace mai tabarau, wadda ba ta ɗaga murya, ba ta kuma gaggawa, irin mutanen da suka fi mai takobi ban tsoro. Ta juya ƙawanyar sau biyu, ta saurari Ilu yana rantsuwa cewa tasa ce har ya gaji don kansa, sannan ta dubi Mato.

“Baba, sharaɗin ɗaya ne. Ka rubuto yadda ake yin abin nan, yadda duk mai sana'a in ya karanta zai yi shi ba sai ya tambaye ka ba. Hukuma ta ba ka suna, kai ka ba duniya bayani.”

“Ranki ya daɗe, duka?”

“Duka.”

“Duka duka?”

“Baba, akwai rabin duka ne?”

Nan hankalin sadaukin ya rabu biyu. Domin asirin nan Jatau bai faɗa wa Barau ba sai da ya ga kabari da idonsa, Barau kuma bai faɗa wa Mato ba sai da ya sa aka fitar da kowa daga ɗaki har da kyanwa. Yanzu a ce ya zuba shi a takarda, kowane ƙato ya karanta? Wace irin hukuma ce wannan, mai tsare maka kaya ta hanyar shanya su a titi? Ya sauko wurin mai buga takarda a gindin darbejiya, ya yi masa shifta shafi huɗu: uku da rabi nasabar gidansu, rabin shafi bayanin zobe da noti. Asiri kuwa ya bar shi inda yake.

Ranar gwaji aka taru a wani ɗaki a ƙasan bene, inda aka girke bututu mai rigar roba a ciki da injin tura ruwa da agogo mai allura. Ma'aikacin ofishin, wani mai suna Tanko, wanda bai san Mato ba bai san Ilu ba, ya yanka roba ya haɗa ƙawanya daidai yadda takarda ta ce, bai ƙara ba bai rage ba. Injiniya ta rubuta MATO BARAU a farar takarda ta manna a jikin bututun. Mato ya dubi sunan nan, ya ji kamar an naɗa shi sarauta.

Aka ta da inji. Allura ta fara hawa.

Da farko ɗigo ɗaya ne ya leƙo ta gefen noti, ɗan leƙen asirin abokan gaba, ya duba gabas ya duba yamma, ya faɗo ƙasa. Na biyu ya biyo shi. Sannan rundunar ta taso gaba ɗaya, da sowa da gurnani, ta ɓalle leɓen zoben ta yi tsiri har silin, ta dawo ta sauka kan fayil-fayil da kujeru da kwanon abincin Tanko, ruwa ya ci gabas ya ci yamma, takalma suka tashi suna yawo ba masu su, masinja ya haye taga yana salati, Injiniya ta ɗora fayil a ka ta tsaya inda take, Ilu kuwa ya ɗare kan benci ya tattare riga yana ihu: “Jama'a ku shaida, wannan ta Mato ce! Tawa sai ta kwana uku!”

Injiniya ta zaro jan biro. Cikin ƙarar ruwan nan muryarta ba ta canza ba.

“Baba, abin da ke takarda bai riƙe ruwa ba. Haka zan rubuta ƙarƙashin sunanka, kuma abin da ya shiga rajista ba ya fita.”

Mato ya dubi bututu. Takardar sunansa ta jiƙe, gefe ɗaya ya saki, tana lilo. Ya dubi jan biro. Ya dubi Ilu. Sai ya ɗaga kai sama ya yi wata kururuwa da aka ce har masu sayar da lemo a bakin titi sun ji ta:

“Jatau! Barau! Ku yafe ni!”

Ya tuɓe hula.

Abin da wanzamai uku suka mutu da shi a ciki ya bayyana ga talikai. Sanƙon dai akwai shi, masu wannan magana ba su yi ƙarya ba. Amma bisa sanƙon, zobban roba uku ne a jere, suna ƙyalli, sun yi laushi kamar kunnen ɗan akuya, warin man kaɗe ya cika ɗakin har ya danne na tsatsa.

“A kashe inji!” in ji Barden Sifana.

“Makunnin yana bayan ruwan!” in ji Tanko daga ƙarƙashin tebur.

To haka ya afka, ruwa na dukan ƙirjinsa kamar ƙahon bijimi, ya zare sifana, santsi ya kwashe shi ya zauna daɓas, ya miƙe, ya sake zama, ya rarrafa da gwiwa ya cafki wuyan bututun ya rungume shi kamar ɗan kokawa, ya kwance noti na farko ruwa ya shiga hancinsa, ya kwance na biyu ya faɗa cikin rigarsa sai da ya yi rawa kafin ya fito ta ƙafar wando, ya fizge zoben Tanko ya yi jifa da shi ya sami Ilu a kunne, wanda masana suka ce ba kuskure ba ne, ya zaro zobe ɗaya daga tsakar kansa ya cusa, ya danne da babban yatsa, ya ɗaure, yana ɗaurewa yana kirari: “Ni ne na Asabe! Ɗigo ba ka wuce ni!”

Tsit. Allura ta hau har ta taɓa ja. Ko gumi bututun bai yi ba.

Injiniya ta sauke fayil, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta mayar da jan biro ta ɗauko baƙi.

“Me ya bambanta naka da na Tanko?”

Mato ya matso ya yi raɗa.

“Ɗaga murya, Baba, rubutawa za a yi.”

Sai ya faɗa, a gaban Ilu, a gaban masinja, kai ba hula, ruwa na ɗiga daga gemunsa: a shafe robar da man kaɗe, a sa ta cikin hula, ta kwana uku bisa kai tana shan ɗumi, sannan ta yi laushin da za ta kwanta a kowace kafa. Haka Jatau ya yi wa zaren ɗinkinsa, haka Barau ya yi wa facinsa.

Injiniya ta rubuta. Ta ɗan yi tunani.

“Dole sai kai? In an shafa man aka tsoma a ruwan ɗumi minti goma fa?”

Mato ya yi dariyar tausayi irin wadda manya ke yi wa ’yan boko. Tanko ya jona butar shayi, ya tsoma zobe, ya duba agogo, ya ɗaura. Aka ta da inji. Allura ta taɓa ja. Ko ɗigo.

Shekara tamanin mazan gidan Jatau suna yawo da maiƙo a ka, ƙuda na yi musu rakiya. Daga can Mato ya ɗauki hularsa, ya matse ta, ya mayar da sauran zobba biyu, ya kafa ta, ya ce, “Ruwan ɗumi aikin rago ne.”

Bayan wata bakwai aka aiko ya zo ya karɓi takarda. Ga hatimi ja, ga sa hannu, ga sunansa Injiniya ta rubuta da biro a tsakiya, baƙi ƙirin: Mato Barau. Ya sa aka karanta masa sau uku. Da zai hau bas yana neman inda zai sa ta, ya dubi aljihu, ya tuna ɓarayi. Ya dubi jaka, ya tuna kaji. Sai ya ninke ta huɗu ya adana ta a wurin da zuriyarsa ta fi amincewa da shi a duniya. Awa shida, rana tsaka, taga ba ta buɗuwa.

A tasha gari ya fito, da kalangu, Asabe na rangaɗa guɗa, Ilu na gefe da rakensa. Mato ya hau kan benci, ya tuɓe hula, tunda yanzu ba abin ɓoyewa, ya zaro takardar daga ciki ya warware ya ɗaga ta sama. Hatimi na nan lafiya. Sa hannu na nan lafiya. Inda sunan yake kuwa, man kaɗe da gumi sun yi zama, tawada ta narke, wurin ya koma wata ’yar taga rawaya da haske ke ratsawa.

Ya kawo ta kusa da ido ko zai tsinci harafi ɗaya. Ta cikin tagar ya hango fuska, tana tauna.

“Riƙe ta haka, kada ka motsa,” in ji Ilu. “Jama'a, ku zo ku ga wanda hukuma ta sa a takarda.”