Babur Mai Rangadi a Tsaye

Jama'a, ku yi mini afuwa in kun ga rubutuna ya karkace yau, a kwance nake yin sa. Jiya na turo babur da hannuna tun daga dajin da ke bayan garinmu Ɗansoshiya har cikin Tudun Wada, ƙuguna kuwa ya ce sai ya rama. Shi ya kamata ya ɗauke ni, sai ga shi ni na yi dakonsa.

A gwanjo na saye shi bara, a harabar wani ofishi da ba zan ambata ba, don ina son in tsufa a gidana. Ya yi shekara da shekaru a yashe gindin maina, zanzaro ya yi gini a bututun hayaƙinsa, ɓera ya cinye sirdin. Da na kawo shi gida a bayan mota, matata Luba ta zagaye shi sau ɗaya ta ce, "Malam, wannan na hawa ne ko na ɗaure akuya?" Na ce mata ta jira ta gani. Araha ba ta ado, na sani, amma a duk ƙasarmu ba mai babur sai ni.

Mudi mai gyaran keke da keken ɗinki shi ya tashe shi daga matattu. Ya wanke tanki da kananzir, ya goge fulogi, ya hura kafireto da bakinsa har idonsa ya yi ja. Ran da injin ya yi tari ya kama, sai da kajin unguwa suka yi ƙaura. Abin da ya gagari Mudi shi ne agogon gudu, wanda ke nuna saurinka da yawan mil ɗin da ka ci. In ka ɗora babur a kan ƙafarsa ta ƙarfe, tayar baya tana lilo a sama, ka ba shi wuta, allura sai ta tashi tsaye, lambobi suna ta juyawa. Da ka sauke shi ƙasa ka kama hanya, sai ta kwanta ta yi barcinta. Ga wani abin mamaki kuma: lambobin sun ce babur ɗin ya yi tafiyar da ta kai zuwa Makka da dawowa, amma tayoyinsa ko gashinsu na sabunta bai zube ba. Mudi ya kwance, ya ɗaura, ya sake kwancewa, ƙarshe ya share gumi ya ce, "Ka bar shi haka, kada mu yi gyaran gangar Auzinawa."

To, ga abin da ya fitar da ni jiya. Damina ta tafi da kwalbatin rafinmu, ita ce kuwa kaɗai hanyar da mota ke shigowa ɗaukar gyaɗa. Buhuna na nan jibge a kowane zaure, ƙwari sun fara leƙawa, 'yan baranda suna shawagi suna jira mu gaji mu sayar musu a wulaƙance. Noman shekara guda ke nan. Sai muka ji Mai Girma Sarkin Alkawari, Uban Hanyoyi da Gadoji, Allah ya ƙara masa kujera mai laushi, ya sauka barikin Tudun Wada rangadi. Dattawa suka ce, "Wada, ga ranar babur ɗinka. Je ka faɗa masa da bakinka."

Na fara biyawa ta Bebeji neman fetur. Na tarar da layi, direbobi sun yi zugum da garewaninsu. Mai kanti ya ce duro biyu gare shi, kuma duk an kama su don rangadin manya. Na yi magiya, na haɗa shi da iyayensa, kafin ya tsiyaya mini kwalba biyu kamar mai ba da man shafawa. Na dawo gida, na sa babbar rigata, na kama hanya.

Nan ne wautata ta fito, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun kafin mu gano halin agogon, Mudi ya taɓa ce mini in riƙa duba lambobin, in sun yi nisa in san mai ya kusa ƙarewa. Ina tafe ina leƙawa, lambobi ba su motsa ba, sai na ce a raina, ashe ban ci komai ba tukuna. Har na yi kwana na je na gaida ƙanwar babata a wata ruga, tun da mai bai ragu ba. Ni da na san halin agogon nan sarai, na gaskata shi don yana faɗa mini abin da nake son ji. A tsakiyar daji babur ya yi tari biyu ya mutu.

La'asar sakaliya na iso Tudun Wada, riga ta manne a baya. An share hanya tas, an shafa wa duwatsu farar ƙasa daidai inda ido zai iya hangowa daga bariki, daga nan kuma sai ramuka. Masinja ya ce Mai Girma yana hutawa, ya sha aiki. Na zagaya baya neman inuwa, sai na ji ruri.

Babura ne a jere, kowanne a kan ƙafarsa, injin na kuka, tayar baya na wulwulawa a iska. Masu su kuwa, malaman duba hanya, suna kishingiɗe a tabarma suna shan rake. Wani siriri a cikinsu, Sabo, ya taso yana dariya ya dafa nawa.

"A'a! Tsohon abokin aiki! Ai ni na riƙe wannan da. Bai taɓa ba ni kunya ba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, waɗannan fa, gyara ake yi?"

"Gyaran me? Rangadi muke. Ai da lambar agogo ake biyan mu na hanya. Wancan ja ɗin yana hanyar Doguwa, na kusa da shi ya kusa shiga Kiru."

"Wannan na ƙarshe fa?"

"Nawa ne. Na tafi Ɗansoshiya duba kwalbati."

Wallahi raina ya ɓaci. Ga fetur ɗin da aka hana mu yana tashi hayaƙi a gindin mangwaro. Amma talaka ba ya fushi a bariki, sai na durƙusa na ce, "Allah ya ba ka nasara, daga can nake. Ya ka ga kwalbatin namu?"

Ya je ya sunkuya ya duba agogo, ya dawo ya ce, "Haba malam, gaggawar me? Ban ƙarasa ba tukuna."

Na zauna na jira shi ya isa garinmu. Da ya kashe injin, ya tofar da ɓawon rake ya ce ya ga kwalbatin garau, sai dai a ƙara masa farar ƙasa. Masinja ya shiga ya fito, ya ce Mai Girma ya ce tun da yanzun nan aka duba, babu sauran magana, in gaida mutanen gari.

Na gaishe su da safen nan. Ba wanda ya yi dariya. Tsohuwa Hauwa, wadda buhu uku ne duk abin da ta noma, ta aika a kira mata ɗan baranda. Sauranmu mun fara neman aron jakuna.

Saboda haka duk direban da ke karanta wannan, in Allah ya sa kana da niyyar zuwa ɗaukar gyaɗarmu, kada ka biyo ta rafi. Ka biyo ta hanyar da Malam Sabo ya bi, ita kaɗai ce ruwa bai ci ba.