Rasuwar Kunkuru, Abokin Zaman Ghali a Xiaobei

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, Ghali Ilu na unguwar Kurna a Kano, wanda yanzu yake ɗaure kwalaye a ofishin kago, wato na aika kaya, na Alhaji Maidaji da ke unguwar Xiaobei, yana sanar da 'yan uwa 'yan kasuwa da duk mai jin Hausa a garin Guangzhou rasuwar abokin zamansa, Kunkuru. Ya cika ranar Talata da la'asar, a tafin hannun mai shi, bayan gajeriyar jinya.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan injin jin faifan sidi ne, irin wanda ake ratayawa a ƙugu a sa waya a kunne. Zagayayye ne, ruwan toka, da murfi mai ɗagawa sama, shi ya sa Imoro, mutumin zangon Kumasi da suka yi zaman ɗaki ɗaya da Ghali, ya raɗa masa wannan suna. Ba sabo aka same shi ba, ya riga ya ga duniya kafin ya zo hannun Ghali. Amma mai ladabi ne. In an rufe murfinsa sai ya ce ƙyas, ya ɗan yi sssss, sannan cik-cik, kamar dattijo yana gyara murya, kana ya fara aiki. Bai taɓa ɗaga murya ya dami maƙwabta ba. Abincinsa batir biyu, ko na arha aka ba shi ba ya raini.

Duk rayuwarsa ƙungiyar makaɗa guda ya yi wa hidima. Ghali ya tsinci faifansu ne a wani lungu a Liwan, a wurin wani lawban, wato mai shago, da ke zube su cikin kwali kamar kayan miya. Irin faifan nan ne da Turawa suka kasa sayarwa, suka tsaga bakin kowanne da zarto, suka turo su nan a matsayin bolar roba. An rubuta sunan ƙungiyar da wani murɗaɗɗen rubutu kamar yaɗon kabewa. Imoro da ya fi Ghali zurfin boko ya juya kwalin sama da ƙasa, shi ma ya haƙura. Sai suka sa musu 'Yan Dogon Zango, don waƙarsu guda takan kai mutum daga ɗaki har ofis, ya ɗaure kwali, ya liƙe shi da salatif, ba ta ƙare ba.

Kiɗansu ba ya takuwa. Ka ɗaga ƙafa za ka bi ganga, kafin ka sauke ta sun canja hanya. Imoro yakan ce kiɗan masu ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo ne, amma bai taɓa mayar da wayar kunnen hagu da ake ba shi ba. Haka suke zama a bakin katifa, kai kusa da kai, saboda wayar gajera ce.

Marigayin ya riƙe amanar faifan nan duka. Akwai mai hoton akuya a kan tsani, wanda da ji ka san suna samari suka yi shi, kowa yana gaggawa, mai ganga yana neman ya riga kowa isa gida. Akwai mai hoton kwalekwale a tsakar gida, wanda Ghali ya fi so a cikin na ɗakin ɗaukar murya. A nan ne jita take fara shigowa ita kaɗai, a hankali, kamar baƙon da ya yi sallama a ƙofa yana jira a amsa, sai an daɗe mawaƙin yake buɗe baki. Ghali ba ya jin abin da yake faɗa, amma ya san muryar wanda ya yi nisa da gida in ya ji ta. Akwai kuma wani mai baƙin kwali da suka cika shi da ƙarar injuna. Wannan kam bai kai sauran ba, gaskiya, sai dai yau ba ranar faɗin aibin kowa ba ce.

Babban cikinsu shi ne faifan da aka ɗauka a gaban jama'a, a wani gari da Ghali bai sani ba. Waƙoƙin nan dai su ne, amma sun cire takalmi sun miƙe ƙafa. Mai jita yakan zame a wani wuri, ya dawo ya maimaita zamewar da gangan, jama'a su yi dariya. Akwai wani bawan Allah da yake tari daidai lokacin da aka yi tsit, da wata mata mai fito can daga baya. Ghali ya san su duka kamar 'yan layinsu. Waƙar ƙarshe kuwa ba ta cikin kowane faifai sai wannan. Tana farawa da sarewa, tana hawa, sauran kayan kiɗa suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. To shi faifan sidi daga ciki ake karanta shi zuwa baki, tsagar zarton kuma a baki take, kuma ta wannan ta yi zurfi. Duk injin da aka gwada a kasuwa yakan yi ta juya shi ya ƙi ɗauka tun daga farko. Kunkuru kaɗai yake da haƙurinsa. Yakan bi shi tun daga tafin farko har tsakiyar waƙar ƙarshe, inda sarewa take ɗaukar numfashi za ta haura, sai ya ce tak-tak-tak, ya tsaya. Nan iyakarsa. Ghali bai taɓa jin yadda aka ƙare ba.

Da wasannin Olamfik suka gabato, biza ta yi wuya. Aka ƙi sabunta wa Imoro tasa, ya tattara ya koma Kumasi. Masauki ya yi fayau, mutum sai ya bi titin Huanshi Lu daga wannan gada zuwa waccan bai ji an ce masa sannu da Hausa ba. Lokacin da duk talabijin ɗin gari suke nuna masu tsere, marigayin ne ya tsaya wa Ghali. In Ghali ya dawo daga aiki, ya ajiye ledar shinkafarsa, ya danna, sai ɗakin ya cika da dubban mutane suna tafi. Wayar kunnen hagu tana reto a ƙirjinsa, don bai iya sa ta ba.

Ciwon ajali ya zo ne bayan bikin sabuwar shekarar mutanen gari, lokacin da bangon Guangzhou yake gumi, ruwa ya tsattsafo a kan tayil da madubi. Ghali ya ga laima a jikin Kunkuru. A Kano abin da ya jiƙe fitar da shi ake yi ya sha iska, haka kowa ya tashi ya gani. Sai ya wangale taga, ya ɗaga murfin marigayin, ya kwantar da shi a bakinta, ya tafi aiki da kwanciyar hankali. Ashe a nan iskar ce ruwan. Shi ya sa duk tagogin layin suke a rufe ruf. Da ya dawo, ya tarar da ɗigon ruwa a kan idon marigayin guda ɗaya tilo, wanda yake karanta faifai da shi.

Daga nan sai rikicewa. A danna ya yi ta cik-cik yana laluben faifai, ya fara waƙa ya manta inda yake. An kai shi wurin masu gyara. Na farko ya leƙa ya ce meyo, wato babu kayansa. Na biyu ko leƙawa bai yi ba, ya nuna wa Ghali wasu ƙananan injuna kamar kwalin ashana, ya ce yanzu su ake yayi. Alhaji Maidaji, Allah ya saka masa, ya ce a zuba faifan a kwamfutar ofis a juye waƙoƙin. Ta karɓi sauran, ta tofar da na gaban jama'a.

Ranar Talata Ghali ya sa masa sabon batir mai kyau, ya ɗora shi a tafin hannu. Sai ga shi ya tashi garau kamar bai taɓa ciwo ba. Aka yi tafi, mai tari ya yi tarinsa, mai fito ta yi fitonta. Aka zo waƙar ƙarshe, aka zo inda ake tsayawa, ya ce tak-tak, sai kawai ya wuce. Sarewar ta haura, ta kai wani wuri da Ghali bai taɓa zuwa ba, aka ji jama'a sun fara ɗaga murya tare kamar za su karɓi amshi. Numfashi guda ke nan. Sai faifan ya rage gudu, ya tsaya. Ghali ya daɗe yana danna shi.

Marigayin ya bar faifai huɗu masu tsagaggen baki, da jakar leda da aka ɗinka masa, da wayar kunne, wadda rabinta na Imoro ne. An buga wa Imoro waya. Ya ce a riƙe masa hagunsa, kar a ba kowa.

Za a yi jana'iza ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Babu salla, babu wanka, ruwa ai ya isa haka. Ghali da kansa zai naɗe shi a kwali ya liƙe da salatif yadda ya iya, a miƙa shi ga tsohon nan mai keken jari-bola da ke tsayawa a bakin layi. Zaman gaisuwa a ɗakin Ghali ne, bene na sama, ƙofar da ke kusa da famfo. Akwai shayi. Taga za ta kasance a rufe.

Ba a neman gudummawa. Roƙo ɗaya ne: in akwai wanda ya taɓa jin faifan nan ba tsaga, ɗan ƙasa ko baƙo, don Allah ya daure ya zo. Ba sai mai murya ba. Ghali zai rera masa daga farkon sarewa har inda Kunkuru ya kai shi, sai ya yi shiru ya saurara.