Yadda Za Ka Ceci Alfadarar Baba Daga Hannun Mai Sikeli

Ɗan'uwa, idan akwai tsohuwar jif a rumfar gidanku, ta yi shekaru a kan bulo har kaji sun mai da ƙarƙashinta ɗakin ƙwai, to gyara zama, ka zo inda ya dace. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, motar za ta tashi, za ta tafi, kuma abin da ya fi duka wuya, za ta tsaya. Ban taɓa koyon kanikanci ba, amma babu notin da ke jikin irin wannan mota da bai taɓa fasa mini yatsa ba.

1. Ka san abin da ke hannunka

Motar ta Baba ce. Da ita ya yi ƙuruciyarsa yana kai masu haƙar rijiya ƙauyukan da babu hanya, ƙafafunta huɗu duk suna ja, a yashi ko a taɓo. Shi ya sa mata suna Alfadara, saboda babu tudun da ba ta hawa, kuma ba ta tsayawa sai inda ta ga dama. Yanzu ƙarfi ya ƙare musu su biyun. Kullum da safe yakan dogara sandarsa ya zo rumfa, ya hau kujerar direba, ya riƙe sitiyari yana kallon bango.

Idan baƙo ya tambaya, kada ka kuskura ka ce ta lalace. Ka ce tana hutawa. In ya matsa, ka ce ana kan aiki, ka ɗan bubbuga murfin inji da bayan hannu kamar mai jiran amsa.

2. Ka saurari wa'adin da za a ba ka

Maiɗakinka tela ce. Kekenta na ɗinki yana baranda, inda feshin ruwa ke jiƙa mata kayan mutane duk shekara, alhali ga rumfa mai rufi mai kyau, tsohon ƙarfe ya mamaye. Wata rana za ta ajiye almakashi ta ce:

"Baban yara, na yi haƙuri har na gaji. Kafin ruwan farko ya sauka, ko motar nan ta fita ƙofar gida da ƙafafunta, ko mai sikeli ya fitar da ita gunduwa-gunduwa."

Mai sikeli shi ne mutumin nan da ke zagaya unguwa yana sayen tsohon ƙarfe. Daga ranar za ka riƙa ganinsa a ƙofar gidanka, yana gaishe ka da ladabi, idonsa na kan motar irin kallon da mahauci ke yi wa sa.

Kai za ka yi ta cika baki. Baba kuwa ya ji komai daga ɗakinsa. Washegari sai ka gan shi yana goge ƙurar gaban motar da hannun rigarsa. Wannan gogewar za ta fi maganar maiɗakinka yi maka ciwo, kuma ita za ta tashe ka tsaye.

3. Fara da abin da ido ke gani

Marasa ilimi su ne ke farawa da inji. Kai fara da fenti. Ka kankare tsatsa, ka shafa kore mai sheƙi, ka ɗaura sabon madubi, ka gyara ham. Ham tana da muhimmanci ƙwarai, domin ko motar ba ta motsa ba, in ka danna ta yi ƙara, unguwa za ta san ana aiki. Birki kuwa bar shi can ƙarshe. Motar da ke kan bulo ba ta da inda za ta, me za ka tsayar?

4. Kada ka sayi kayan aikin da ke akwai a gida

Duk abin da bakanike ke da shi, akwai ɗan'uwansa a kicin. Babban kwanon silba ya dace da jiƙa kafireta a fetur. Rariya tana tace mai. Cokali mai dogon hannu yana kaiwa inda sifana ba ta kaiwa. Ka ɗauka a hankali, ka mayar a hankali, in an ji warin fetur a miya ka ce kai ma ka ji, abin mamaki.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. In kana neman tsumman goge hannu, kada ka ɗauki ƙyallen da ke kan keken ɗinki, ko da ya yi kama da yanki. Zai iya zama hannun rigar wata mata ce da za ta zo karɓa da yamma. In ka riga ka goge, to shi ke nan. Daga ranar abinci zai ci gaba da zuwa a kan lokaci, magana kuwa ta ɗauke ɗif.

5. Tada inji, sannan ka taka birki

Ka sa batir, ka wanke fulogi, ka murza makulli. Za ta yi tari, ta yi atishawa, ta tofar da ɓera guda ta salansa, sannan ta kama. Hayaƙi zai cika gida, kaji su watse. Baba zai karkata kai yana saurare, ya ce, "Muryarta ce, wallahi. Ba ta canza ba."

Yanzu taka birki. Ƙafarka za ta wuce har ƙasa ba tare da ta gamu da kowa a hanya ba.

"Rabu da shi," in ji Baba. "Mu a zamaninmu da giya muke tsayawa. Birki na matsorata ne."

Ka girmama shi, amma kada ka bi wannan shawara. Layinku gangare ne, kuma a ƙarshen gangaren akwai sabuwar katangar maƙwabcinka, wadda yake fitowa yana shafawa kowace safiya.

6. Ka gane cewa akwai aikin da mutum ɗaya ba ya yi

Ka cire tayoyi, ka buɗe kwanon da ke bayan kowace taya, ka canza duk abin da ya cinye, ka canza robobin da suka tsage, ka zuba sabon man birki. Za ka taka, ka ji laushi kamar ka taka soso. Iska ce ta maƙale a cikin bututu, kuma fitar da ita aikin mutum biyu ne. Ɗaya yana sama yana taka birki ya riƙe. Ɗaya yana kwance a ƙasa, ya kwance ɗan ƙaramin noti, man birki da iska su fita ta tiyo zuwa cikin kwalba, ya ɗaure, sannan ya ce a saki. In na sama ya saki kafin na ƙasa ya ɗaure, iskar ta koma ciki, an dawo farko.

Baba zai ce shi zai taka, ai motarsa ce. Ka bar shi. Zai taka sau ɗaya, ya taka na biyu, a na uku gwiwa ta ƙi. Kana kwance a ƙasa za ka ji yana nishi, sannan ka ji ya yi 'yar dariya ya ce, "Ka ga ikon Allah, ƙafar da ta hau duwatsu da ita." Kada ka fito nan da nan. Ka ɗan daɗe a ƙarƙashi kana taɓa-taɓa, har fuskarka ta daidaita.

7. Ka nemi ƙafa

Ba sai ka nema ba. Ƙarar keken ɗinki za ta tsaya. Za ka ga silifas guda biyu sun zo sun tsaya dab da kanka.

"Baba, sauko ka huta. Ka gaya masa ni zan taka. Don kai, ba don shi ba."

Ka yi murna, domin ka samu ƙafar da ta fi kowace ƙarfi a unguwa, ƙafar da ta yi shekaru tana taka keke. Matsala biyu ce kawai. Ta farko, ba ta yi maka magana, don haka komai sai ya bi ta wurin Baba, wanda zai zauna a kujera tsakaninku da sandarsa.

"Baba, ta taka ta riƙe!"

"'Yata, ya ce wai ki taka. Amma a hankali, motar nan ba ta son garaje. Akwai wata shekara da muka shiga wani rafi..."

"Baba, na ɗaure, ta saki!"

"Ka gaya masa na saki tun ɗazu."

Matsala ta biyu ita ce ƙafar tela ba ta san riƙewa ba. Ta saba da ƙasa, sama, ƙasa, sama. Kana kwance noti, ita tana ɗinka riga a kan birkin. Iska za ta yi ta shiga tana fita kamar gidan ubanta, man birki ya yi maka wanka har cikin kunne, Baba kuma bai fito daga rafin ba tukuna.

8. Ka ba da haƙuri daga inda kake kwance

Wannan shi ne matakin da babu bakaniken da zai koya maka. Ka ajiye sifana. Ka yi magana da silifas ɗin nan, ko da yake yanzu suna sama ba ka ganinsu.

"Maman yara, hannun rigar nan ni na ɓata. Kwanon silba ma ni ne. Da rariyar. Ki yi haƙuri."

Sai murya ta sauko ta ramin da tsatsa ta huda a ƙasan motar.

"Da cokalin."

"Da cokalin."

"To. Yanzu me kake so in yi? Ka faɗa da bakinka, ka daina wahalar da tsoho."

Ka ce ta taka sau uku, a na ƙarshe ta danne kamar ta kama ɓera a ƙarƙashin takalmi, kada ta ɗaga sai ta ji muryarka. Daga nan aiki zai tafi. "Taka!" "Na taka." "Riƙe!" "Ina riƙe, yi sauri, ƙafata ba ƙarfe ba ce." "Saki!" Ku fara da tayar da ta fi nisa da direba, ku zagayo. Ka riƙa leƙa tankin man birki kada ya ƙafe. Kumfa zai yi ta raguwa a kwalbar, har mai ya fito garau. A taya ta ƙarshe za ka ji ta ce, "Kai, ya yi tauri! Ya ƙi tafiya!" da irin muryar da ka daɗe ba ka ji ba. Kwalbar ma tata ce, amma ba yau za ka faɗa ba.

9. Gwaji

Hadari zai haɗo ranar, ko ka so ko ka ƙi. Mai sikeli zai zo da wuri ya jingina da bango. Maƙwabci zai fito ya tsaya gaban katangarsa, ya sake tunani, ya koma gefe.

Ka mayar da tayoyi, ka sauke ta daga kan bulo, ka sa Baba a gaba. Ka gayyaci maiɗakinka, za ta ce a'a, tana da aiki a gida, ku je ku dawo lafiya. Kada ka yi zargin komai. Ka sa giya, ka fita ƙofa. Alfadara za ta ji gangare ta tuna ƙuruciya. Katanga za ta riƙa girma. Baba zai ce, "Giya, giya!" Kai dai ka yi bismilla ka taka.

Za ta tsaya. Za ta tsaya cak, har hular Baba ta faɗo kan cinyarsa, da sauran tazarar da akuya za ta iya wucewa tsakaninku da katanga. Baba zai ɗauki hularsa ya kaɗe, ya ce birkin ya yi ƙarfi da yawa, su a da ba haka suke yi ba. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a kan gaban motar ya bar shi a nan. Ka zagaya da shi unguwa sau biyu. Duk wanda ya gani zai ɗaga masa hannu, har waɗanda bai sani ba.

10. Ka dawo gida

Ɗigon farko zai same ku a hanya. Za ka karyo kwana ka nufi rumfa, sai ka sake taka birki, domin rumfar ta cika. Keken ɗinki yana tsakiya, ga tebur, ga madubi, ga yadudduka a jere a kan igiya, an share ƙasa tas ko ɗigon baƙin mai babu. Mai sikeli ne ya taya ta ɗauko keken, ta sallame shi da tsofaffin ƙarafan da ka cire, ya tafi yana waiwayen motar.

"Sannunku da zuwa," za ta ce, ƙafarta na kan keke. "Tunda tana tafiya, ai ba ta buƙatar ɗaki. Ga inuwar bishiya can a ƙofar gida. Na ɗinka mata riga da tamfol, tana kan kujera."

Ka duba rigar. Za ka ga daidai take da motar, har da aljihun madubi. Irin wannan ɗinki ba a rana ɗaya ake yin sa ba.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya. Ban ɗauki alhakin yatsun da suka fashe ba, ko miyar da ta yi warin fetur, ko rumfar da aka rasa. In maiɗakinka ta ce tunda ita ta gyara birkin sai an koya mata tuƙi, ka je ku sasanta, ni ban san ku ba. Haka kuma in ka fito da safe ka tarar Baba ya riga ka, ya yaye tamfol, yana zaune a gaba da hularsa da sandarsa, ya daina kallon bango yana kallon hanya, ya ce maka, "Kai, ina muka nufa yau?", to kada ka zo wurina neman amsa. Ka koma ciki ka ɗauko makulli.