Yadda Ake Kai Laftof Daga Nyanya Zuwa Garki a Kan Keke Ba Ko Ƙwarzane

Kai da ke tsaye a tashar Nyanya tun duku-duku, ka rungume jakar laftof a ƙirji kamar jinjiri, kana kokawar shiga mota da ƙarti, matso kusa. Wahalarka ta zo ƙarshe. Sunana Injiniya Labaran. Mutanen gidan hayarmu ne suka laƙaba mini Injiniya ranar da na kwance fankar mai gida na mayar da ita, ta ci gaba da juyawa, duk da 'yan notunan da suka yi saura a hannuna.

Na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan, laftof ɗinka zai isa ofis lafiya lau, ba tsaga, ba ƙwarzane. An gwada wannan hanya a kan mutum mai rai, maƙwabcina Maharazu, kuma har yanzu yana nan da ransa.

Mataki na 1: Ka shiga uku tukuna

Ba a hawa keke a Abuja don nishaɗi. Sai ka samu dalili mai ƙarfi.

Dubi Maharazu. Bazazzagi ne, mai mata ɗaya da 'ya ɗaya, yana aiki a wani ƙaramin kamfanin zanen gine-gine a Garki. Kamfanin ya damƙa masa laftof yana zuwa da shi gida ya ƙarasa aiki. Kuɗin mota ya yi tashin da ba a magana, gosilon hanya kuma ya mayar da shi sarkin makara. Ranar wata Litinin shugabarsu, Madam Serah, ta kira shi ofishinta.

"Maharazu, jibi Alhaji Uthman zai zo ganin zanen shagunansa. Zanen yana cikin laftof ɗin da ke hannunka. In ka makara, ko wani abu ya sami laftof ɗin nan, kada ma ka wahalar da kanka hawowa bene. Ka tsaya a get, za a miƙo maka kofin shayinka."

Da yamma ya same ni a bakin famfo ya zayyana mini. Na ce masa kwantar da hankalinka, keke ba ya sanin gosilo.

Mataki na 2: Ka samu keke na ainihi

Yi hattara da bakinka. A garin nan in ka ce kana neman keke, mai ƙafa uku za a turo maka da direbansa. Ka ce mai ƙafa biyu, wanda kai ne injinsa.

Mun samo namu wajen wani mai tallar rake da zai koma gida noma. Baƙi ne, mai kariya a baya, birkin gaba ya daɗe da yin ritaya. Maharazu ya so ya yi ƙorafi, na nuna masa cewa birki biyu ruɗa mutum suke yi, yana cikin tunanin wanne zai matsa sai ya ji shi a kwata. Ƙararrawa ma babu, amma Allah ya ba shi murya.

Mataki na 3: Kada ka goya shi a baya

Nan ne 'yan boko ke kuskure. Su zuba laftof a jakar goyo, su rataya, su kama hanya. Ba ka kai gadar Karu ba zufar bayanka ta ratsa jaka ta shiga injin. Ga shi duk wani mai dogon hannu ya san abin da ke cikin irin wannan jaka. In kuma ka faɗi, a kansa za ka faɗa, kai ka warke shi ya tafi.

Kwandon gaba ma haka. Kowane rami sai laftof ya yi tsalle ya leƙo ya ga gari.

To ina za a sa shi? A kula. Babbar kular abinci, mai murfi da maƙalai. Tana da kauri, ruwan sama ba ya shigarta, kuma ba a taɓa jin ɓarawon da ya bi mai keke da gudu saboda kula ba.

Mariya, matar Maharazu, tana sayar da wake da shinkafa a bakin tasha, tana da shuɗɗan kuloli guda biyu iri ɗaya. Na aika shi ya aro guda.

"Abban Najwa, kwamfutar ce za ta shiga kulata?" in ji ta. "Wa ya ba ka wannan shawarar?"

"Injiniya ne."

"Allah ya kyauta," ta ce, ta miƙa masa.

Ka lura, duk babban aiki da addu'a ake fara shi.

Mataki na 4: Naɗi da ɗauri

Da safiyar Laraba, bayan an dawo masallaci, muka zauna aiki. Fara da tawul. Bi da leda. Sannan zanin matarka, wanda ba ta cika nema ba. Ka shimfiɗa filo a ƙasan kular, ka kwantar da laftof, ka cusa rigar sanyin yara a kowane lungu har sai ya daina motsi. Rufe. Girgiza. In ka ji ƙara, ƙara tsumma. In ba ka ji komai ba, ƙara dai.

Muka ajiye kular a bakin get muka zagaya baya ba wa taya iska. Muna can Mariya ta fito da tata kular ta ajiye a wajen, ta koma ɗauko robar yaji. Wannan ba ya cikin darasi, na faɗa ne kawai don cikar labari.

Da muka dawo na sunkuci kula na aza a kariya, na ɗaure ta tamau da igiyar roba, irin wadda ake yankowa daga tsohon tif.

Maharazu ya taɓa keken ya ce, "Injiniya, kamar fa ta ƙara nauyi."

Na ce, "Hawa nawa ne ginin da ka zana?"

"Uku."

"To bene mai hawa uku kake so ya yi nauyin takarda?"

Ya gyaɗa kai. Ilimi ke nan, in an yi bayaninsa a tsanake kowa zai gane.

Mataki na 5: Hawan Kugbo

Za ka bar Nyanya cikin izza. Motoci na tsaye cak, kai kana ratsa tsakaninsu, masu kwat na kallonka ta gilashi suna cizon yatsa. Ji daɗinka da sauri, domin hawan Kugbo na gabanka.

Ba a tuƙa keke a wannan hawa. Sauka ake yi a tura. In wani ya yi maka dariya, ka ɗaure fuska kamar likita ne ya sa ka.

Maharazu yana tsakiyar turi ya kira ni a waya yana haki.

"Injiniya, kular nan fa da zafi. Na dafa ta, har hannuna ya ji."

"Alhamdulillahi. Batir na da lafiya. Wanda ya mutu shi ke sanyi."

"Kuma ina jin ƙamshin wake."

"Ka karya kumallo?"

"A'a."

"To yunwa ce. Tura keke."

Ka riƙe wannan: mai neman shawara a tsakiyar hawa ba gaskiya yake nema ba, ƙarfin gwiwa yake nema.

Mataki na 6: Kada ka buɗe wa kowa

Tun a gida na sa shi ya yi alkawari ba zai ɗaga murfin nan ba sai a gaban Madam. Iskar titi ba ta da kyau ga na'ura.

Jarrabawa kuwa za ta zo. Wajen shataletalen AYA wani direban tasi ya zuro kai ya ce, "Aboki, abinci nawa ne? Sa mini na ci yanzu, ka sa yaji plenti." Maharazu ya ce masa kwamfuta ce. Direban ya juya ya gaya wa fasinjojinsa, mota ta ɗauki dariya.

Gaba kaɗan wasu leburori da ke jiran aiki a gindin bishiya suka taso da robobinsu. Ya ce kwamfuta ce. Wani dattijo a cikinsu ya matso ya shinshina murfin, ya dube shi da tausayi, ya ce, "Allah ya ba ka lafiya, ɗana."

Kada irin wannan ya karya maka zuciya. Duk wanda ya zo da sabon abu sai an yi masa kallon mai taɓin hankali.

A get ɗin ofis mai gadi ya tare shi ya ce masu talla ta baya suke bi. Sai da Maharazu ya cire hular da ta jiƙe sharkaf, ya nuna katin aiki, sannan aka bar shi ya jingina keken tsakanin manyan motoci biyu. Kuma ka ji abin alfahari: bai makara ba. Shi ya riga mai shara isowa.

Mataki na 7: Ka gabatar da aikinka cikin natsuwa

Abin da ya faru a ɗakin taro, daga bakin Maharazu na ji shi, kuma ba ya ƙarya sai dole.

Alhaji Uthman, Bakano mai shaguna a kasuwar Wuse, ya iso da mutanensa biyu, ransa a ɓace. Tun sassafe ya fita duba wani fili, gosilo ya riƙe shi, ko ruwan shayi bai sa a cikinsa ba. Ya zauna ya ce a nuna masa zane ya tafi, yana da wani kamfanin da ke jiransa.

Maharazu ya shigo rungume da kula ya dire ta a tsakiyar tebur.

Madam Serah ta ce, "Maharazu, mene ne wannan?"

"Tsaro ne, Madam. Sabuwar hanya ce."

Ya ɓalle maƙalai, ya yi bisimilla, ya ɗaga murfi. Tururi ya turnuƙe ɗakin har gilashin idon Madam ya yi hazo. Wake da shinkafa, cike fal, an jera dafaffen ƙwai a sama.

Maharazu ya sake leƙa cikin kular. Ya tuna kuɗin haya, ya tuna makarantar Najwa. Saboda ruɗewa har ya ɗauki cokalin shayi ya soma tona shinkafar, ko laftof ɗin na ƙasa.

"Ina laftof ɗin kamfani?" in ji Madam, a hankali, irin hankalin da ya fi ihu ban tsoro.

Kafin ya buɗe baki Alhaji ya jawo kujera gaba.

"Yaro, dakata da tonon nan, za ka dagula shi. Akwai mai da yaji?"

Babu. Aka tura masinja ya nemo a wajen mai abincin bayan ofis, aka kwaso farantai daga kicin. Alhaji ya naɗe hannun riga.

"Madam, shekara da shekaru ina shiga ofisoshin garin nan, ba wanda ya taɓa tarbata da abin da ya wuce ruwan gora da biskit. Ku kun san darajar baƙo."

Madam ta yi murmushi da rabin fuska. Ɗaya rabin yana kan Maharazu.

Mataki na 8: Ka auri mace mai hankali

Wannan mataki ya kamata a ce ka yi shi tun da daɗewa, amma ban ga inda zan sa shi ba sai nan.

A can tasha Mariya ta shimfiɗa kayanta, masu saye sun yi layi da kwanuka. Ta buɗe kula ta ci karo da rigar sanyin Najwa. Ta ɗaga ta ga zaninta. Ba ta ƙara tonawa ba. Ta mayar da murfi, ta ba jama'a haƙuri, ta bar wa maƙwabciyarta mai kunu tebur, ta tare tasi ta ɗauke ta shata. A kan cinyarta ta riƙe kular har Garki.

Alhaji na kan faranti na biyu ta yi sallama a ƙofar ɗakin taro.

"Abban Najwa, ga kayanka. Ina nawa?"

Kowa ya dubi kular da ke kan tebur. Ta kusa rabi.

Aka kwashe rigar sanyi, aka kwance zani, aka kwance leda da tawul a gaban babban baƙo. Laftof ya fito sumul, an danna ya kama. Alhaji ya kalli zanen yana sakace, ya ce a faɗaɗa masa matakala, a ƙara banɗaki a hawa na biyu, sauran duk ya yi. Ya sa hannu. Sannan ya juya wajen Mariya.

"Hajiya, ke kika dafa wannan?"

"Ni ce, Alhaji."

"In an fara ginin, ke za ki riƙa ciyar da ma'aikatana."

Mataki na 9: Ka karɓi sakamako

Madam ba ta kori Maharazu ba. Ta dai kafa doka cewa daga ranar laftof ɗin kamfani a ofis zai riƙa kwana, kuma ta ce in ya kuskura ya kawo mata mutumin da ya ba shi shawara, da hannunta za ta kira 'yan sanda. Ban ji haushi ba. Ba kowa ke iya yabo kai tsaye ba.

Maharazu na nan yana hawa kekensa kullum, da kula a kariya, domin yanzu rabin ofishin sun daina cin abincin kowa sai na Mariya. Ya rame kaɗan, amma ƙwaurinsa ya yi ƙarfi.

Masu hassada a gidanmu suna cewa ai laftof ɗin bai taɓa hawa keken ba. Ni kuma ina tambayarsu: ya isa Garki ko bai isa ba? Ya fashe? To mene ne abin gardama? Babu hanyar ɗaukar laftof a keke da ta kai wannan aminci, wato kai ka tafi a keken, matarka ta biyo ka da shi a mota.

Sanarwa

Ni Injiniya Labaran ba ni da hannu a duk abin da zai same ka, ko laftof ɗinka, ko aurenka, sakamakon bin wannan darasi. In allon ya tsage, hanya ce. In an kore ka, rabonka ne ya ƙare a wajen. In baƙon ofishinku ya zo a ƙoshe, wannan tsakaninka da Madam ɗinka ne. Wanda ba shi da mata kada ya gwada. Wanda matarsa kunu take sayarwa kada ya ko fara.

Batun dawowa gida kuwa, wato gangaren Kugbo da birki ɗaya, ban taɓa cewa na san komai a kai ba. Ni ko keke ban iya hawa ba.