Madawakin Setapak

Da hutun zangon karatu, mu ɗaliban Najeriya da ke unguwar Setapak a Kuala Lumpur muka tashi zuwa Indonesiya, don mu hau dawakai har bakin dutse mai aman wuta. Kowa ya bar mai doki ya riƙe masa linzami, ban da ni.

"Sake shi," na ce wa nawa. "A bayan jakin kakana na girma."

Abokina Sadiq ya ce, "Malam, rufa wa kanka asiri."

Na sa wa dokin dunduniya. Ai kuwa ya juya ya zabura, toka ta turnuƙe, iska na kaɗa rigata. Na ji ana ta ihu a bayana, na ɗaga hannu ina amsa jinjina. Wallahi ban taɓa jin kaina namiji irin na ranar ba.

Bai tsaya ba sai bargarsu, ya tusa kai cikin ciyawa. Dutsen kuwa, a hotunan Sadiq na gan shi. Amma dai babu wanda ya riga ni komawa.

Har yau in na shiga shagon mamak, wato mai shayin unguwarmu, sai abokaina su miƙe tsaye: "Madawaki ya iso! A kawo ciyawa!"