Kukun da Na So In Kai Kaduna

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Lahadi a unguwar Lewisham ta London ba, ko da na so mantawar, don uwargidana Hajara ba za ta bari ba. Yau shekara kusan hamsin ke nan, amma da na fara cika baki a gaban jikoki sai ta yi gyaran murya ta ce, "Malam, ba su labarin kukunka mana."

A lokacin ina karatun injiniya a London, fannin ƙasa da harsashin gini. Man fetur ya yi daraja, arziki ya ɓalle a ƙasarmu, ana neman masu ilmi ruwa a jallo. Takanas jami'ai suke zuwa daga gida su tara mu a otal suna lallashinmu mu gama mu koma: ga ofis, ga gida, ga mota. Ban ma kammala kundina ba, amma takardun ɗaukar aiki biyu ne a aljihun kwat ɗina, kuma ba na fita sai da su (wai ko wani zai tambaya). Har tafiyata sai da ta canza.

Ɗakinmu yana saman wani shagon abinci na wata dattijuwa 'yar Hong Kong wadda mijinta ya rasu. Ƙaninta, Mista Lam, da ke zaune tare da ita, shi ke taya ta aiki ranar Asabar da wasu yammaci. Gajere ne mai tabarau, ba shi da yawan magana. Wata rana na gaya masa mu ba ma cin alade. Washegari sai ga sabon kasko ya ɗaura wa mariƙinsa jan zare, ya rataye shi daban, ya ce wannan namu ne mu kaɗai, na kifi da shinkafa. Da Hajara ke laulayin cikin fari, shi ke hawo mata da romon citta har bakin ƙofa. Na so mutumin ƙwarai. Sai dai irin son da babban mutum ke yi wa na ƙasa da shi, ni a wautata.

Duk Asabar kafin masu saye su fara zuwa, nakan hau kujera a gaban kanta in buɗe masa makaranta. Wata rana har na tara shinkafa a faranti, na zuba ruwa, na ɗora kofi a kai, ina nuna masa yadda gini ke nitsewa a ƙasa mai laka. Ya saurara da kyau, sannan ya ce, "To idan ruwan bai sami hanyar fita da wuri ba fa?"

Na yi dariya na ce, "Mista Lam, wannan sai wanda ya shiga jami'a." (Gaskiyar magana ban san amsar ba.) Don in rufe, na ƙara da cewa akwai wani mai irin sunansu da ya rubuta takarda a kan haka, an tilasta mana karantawa, amma mutumin ya cika kwana-kwana, bai iya bayani ba.

Ya ce, "Masu sunan Lam suna da yawa." Ya ci gaba da yanka albasarsa.

Ana nan, wata Asabar na same shi zaune da jaridarsu ta Sinanci, ya zagaye wani wuri da biro, ga wata wasiƙa a gefe. Ya ce garinsu ma ya fara bunƙasa, gine-gine ko ta ina, ana kira ga 'ya'yansu da ke waje su dawo, aiki na jiransu. Shi ma an rubuto masa. Shekararsa goma sha biyar a Ingila, mahaifiyarsa ta tsufa, yana son komawa, amma yana tsoron kada ya je ya tarar ya zama baƙo a garin da aka haife shi.

Maganar ta taɓa ni, don ni ma tsoron nan yana raina ban taɓa faɗa wa kowa ba. Amma maimakon in tambaye shi wane irin aiki ne, sai na ƙissima ai bai wuce wani gidan abinci ba. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Abokina, kada ka damu. In can bai yi ba, ka biyo ni Kaduna. Za a ba ni gida babba, akwai ɗaki a baya. Kai ne kukuna. Ba za ka wulaƙanta ba ina raye."

Ya cire tabarau, ya goge da gefen rigarsa, ya daɗe yana gogewa. Can ya ce, "Na gode. Zan yi tunani."

Da na ba Hajara labari, ina jiran yabo, sai ta ce, "Malam, mutumin nan fa kullum da safe da kwat da jakar takardu yake fita. Ka taɓa tambayarsa inda yake zuwa?"

Na ce, "Kasuwar kifi mana."

Ta ce, "Da jakar takardu?"

Na ce mata ba ta san tsarin Ingila ba.

Bayan wata biyu ya yanke shawarar tafiya, yayarsa ta shirya masa walimar bankwana ranar Lahadi da rana. Aka rufe shago, aka haɗa tebura. Na ci ado da babbar riga da hula, na ce bari in girmama shi. Da shigarmu na ga mutane sun fi talatin, da yawa cikin kwat. A can ƙurya kuma ga shugaban sashenmu, wani dogon Bature mai furfura wanda ni ko sallama ba na iya yi masa sai na gyara murya. Na raɗa wa Hajara cewa ashe farfesa ma a nan yake sayen abinci. Ta dube ni kawai.

Da aka ci aka sha, dattijuwar ta ce maƙwabcinsu, wato ni, ya yi magana. Dama na kwana biyu ina shiri. Na miƙe, na gyara hannun riga, na fara. Na ce duk London babu mai soya shinkafa kamar Mista Lam. Na ce ko da yake Allah bai ba shi damar zurfafa karatu ba, yana da kwanya, don har tambaya yake yi idan ina koya masa kimiyyar ƙasa. Na ba shi shawara idan ya isa gida ya fara da ɗan ƙaramin shago kusa da tasha. Na rufe da cewa tayin da na yi masa na aikin kuku a gidana yana nan, a gaban shaidu nake maimaitawa.

Na tsaya jiran tafi. Babu wanda ya motsa. Wata mata ta sa hannu ta rufe bakinta. Hajara kuwa ta zuba wa farantinta ido kamar an rubuta wani abu a ciki.

Sai farfesa ya tashi, ya yi tari kaɗan. Ya ce ba zai iya ƙara komai a kan batun shinkafa ba, amma Dakta Lam ɗalibinsa ne na farko, kuma shekara goma ke nan yana aiki da wani kamfanin injiniyoyi a tsakiyar gari. An kira shi gida ne ya jagoranci masu binciken ƙasa a aikin hanyar jirgin ƙasa da za a haƙa a ƙarƙashin birninsu. Ya juyo gare ni ya ce, "Takardarsa ce na ba ku a zangon farko. Ina fata ka karanta."

Jama'a, da ƙasa ta tsage a lokacin da na shige, in ya so su biyun su auna yadda na nitse. Gumi ya jiƙa min hula. Na ma kasa zama, na tsaya riƙe da kofin shayi ina murmushin da ba na kowa ba.

Dakta Lam ne ya cece ni. Ya taso ya tsaya kusa da ni, kansa bai wuce kafaɗata ba, ya ce wa mutane, "Shekara goma sha biyar ina neman aiki da ƙarin girma a garin nan, ko'ina sai an juya takarduna an sake juyawa, sannan a dubi fuskata. Wannan ne mutum ɗaya da ya ba ni aiki da wurin kwana bai nemi ganin takarda ko ɗaya ba." Sai aka fashe da dariya, aka yi tafi, ni ma na samu na zauna.

Da mutane suka watse na je ba shi haƙuri. Na ce me ya sa bai taɓa gaya min ba? Ya ce duk mako lissafi yake yi da mutanen da ba sa dariya, Asabar ce kawai yake hutawa, ga kuma darasi kyauta. Sannan ya ce, "Ka yi gaskiya a abu ɗaya, takardar nan ta cika kwana-kwana. Kawo kundinka in gani."

Kwana uku kafin jirginsa ya tashi ya dawo min da shi, babi na huɗu ya yi ja wur da gyara. Ba don gyaran nan ba, da ban ci jarrabawar ba, da kuma gidan Kaduna ya zama na wani. Mun yi shekaru muna musayar wasiƙa, shi yana ba ni labarin raminsa, ni ina ba shi na gadojina.

Mutane kan yi wa rogo kallon kitse, ni kuwa kitsen na yi wa kallon rogo, har na yi jawabi a kai. Tun daga ranar, duk wanda na haɗu da shi, ko tsintsiya na gani a hannunsa, nakan fara tambayarsa sana'arsa, in kuma bari ya gama ba ni amsa kafin in buɗe baki.