Yadda Ake Sayen Janareton Ɗumama Taya Ba Tare da An Sayar Maka da Babur Ba

Kai mai shirin fita filin tsere, matso kusa. Sunana Wal. Karatuna bai yi nisa ba, amma na daɗe a filayen babur har gashin kaina ya yi ƙaura zuwa kunnuwana. In ka bi matakan nan, na lamunce maka tayarka za ta yi zafi, aljihunka ba zai yi kuka ba, babur ɗinka kuma zai ci gaba da kwana a garejinka. Na gwada su duka a kan abokina Des, mai aikin famfo, kuma har yau yana numfashi.

Mataki na 1: Ka yarda taya mai sanyi ba ta da amana

Za ta yi maka fara'a a miƙaƙƙiyar hanya, a kwanar farko ta ajiye ka a cikin tsakuwa. Shi ya sa muke naɗe ta da bargon lantarki kafin a kira rukuninmu. Bargo kuwa wuta yake ci, wutar fili kuma tana rumfunan masu hali. Mu da muke kafa lema a bayan mota, sai janareto.

Mataki na 2: Ka nema wa janareton wani aiki a gida

Nan yawancin maza suke faɗuwa tun kafin su hau babur. Tun da Des ya zame ya karya ƙashin kafaɗa, matarsa Noelene ta kafa doka: ranar da ya sake kashe wa babur ɗin nan ko sisi, ranar za ta sa shi a kasuwa. Noelene kuwa ba ta maimaita magana.

Na ce masa kada kalmar taya ta fito daga bakinsa. Unguwarsu a gindin tsauni take, da iska ta taso sai itace ya faɗa kan waya a ɗauke wuta. Ya ce mata tunanin firizarta ne yake hana shi barci. Haka ya yi. Ta yarda, har ta buga wa yayarta waya ta ce Des ya fara hankali.

A kula: ba ƙarya ba ce. Gaskiya ce da ba a gama faɗinta ba.

Mataki na 3: Girma

Duba lambar da aka rubuta a jikin bargunanka biyu, ka haɗa, ka ninka. Mai shago zai ja ka wajen wani ɗan kyakkyawa mai shiru kamar kyanwa, kuɗinsa ya kai tayoyin shekara guda. Ka shafa shi, ka yaba, ka wuce. Abu ɗaya ne ba a sassauci a kansa: lallai ya zama yana da soket biyu. Kada ka tambaye ni dalili yanzu.

Mataki na 4: Ka sasanta da ƙara

Abin da ba ka biya da dala ba, da kunne za ka biya. Des ya sayi nasa a hannun wani dattijo da ya daina yawon zango, in injin ya tashi kamar ƙanƙara a kan kwanon rufi. Maganin wannan doguwar waya ce. Ka kai injin can nesa, kusa da lemar mutumin da ya fi ka gudu. In ya yi ƙorafi ka nuna kunnenka ka ce ba ka ji.

Mataki na 5: Ka tsare shi daga masu shayi

Mutanenmu za su yafe maka komai ban da hana su shayin safe. Da sun ji inji ya tashi za ka ga wani ya nufo ka da butar lantarki, yana tambayar lafiyar gwiwarka. Kada murmushinsa ya ruɗe ka. Butar nan ita kaɗai ta fi bargunanka biyu ci. Inji zai yi tari, bargo ya mutu shiru, kai kana can kana ba da labarin gudun da ka yi a bara. Kafin ka fita ka sa hannu a kan ƙarfen da taya take kai, ba a kan robar ba. In ƙarfen bai yi ɗumi ba, zauna ka sha shayin da aka dafa da tayarka.

Mataki na 6: Ka duba sama kafin ka ɗauke shi daga gida

Wannan matakin daga baya na ƙara shi.

Ranar Asabar ce, ana gab da Kirsimeti, firizar Noelene cike da jatan lande da cinyar rago na liyafar dangi. Des ya sulale da janareto da sassafe. A fili rana tas, ashe a unguwarsu iska ta kayar da itace. Wayarsa tana cikin mota tana ta ƙara, injinsa kuma ya hana kowa jin komai.

Muna zaune, bargunansa a soket ɗaya, nawa a ɗayan, sai ga Noelene ta shigo a hankali cikin a-kori-kurar yayarta, firiza ɗaure a baya da igiya. Ba ta tambayi kowa inda muke ba. Ƙarar ta biyo.

Ta sauko ta dubi babur a naɗe cikin bargo kamar jariri, ta dubi mijinta.

"Desmond. Firiza ce take hana ka barci, ko?"

Des ya fara bayanin cewa inji yana son a riƙa motsa shi don kada ya yi tsatsa. Ni kuwa tuni na kama gefen firiza ina taya saukewa, ina yaba yadda aka ƙulla igiyar. Mutum ya san lokacin da gwamnati ta canja.

Ta tsaya a kan injin ta ga soket biyu duk a cike. "Walter, wace ce wayar bargunansa a nan?"

"Mutumina," in ji Des a hankali, "ka tuna wa ya kawo ka yau."

Na tuna. Na kuma nuna mata wayar. Ta zare ta, ta jona firiza.

Aka kira rukuninmu a lasifika. Na cire barguna, taya kamar burodin da ya fito daga gasa. Duk zagayen da na yi ina hango Des zaune a kan firiza cikin rigar fata, hular kwano a cinya, an sa shi gadin murfi kada masu neman ƙanƙara su buɗe.

Mataki na 7: Ka gane mai janareton na gaskiya

Da yamma ta buɗe firiza ta danna jatan lande da yatsa. Suna nan kamar dutse. Ta ce babur ya tsira, tunda da sunanta aka sayi inji kuma aikinta ya yi. Amma daga yau inda take nan injin yake. Yanzu duk ranar tsere tana zuwa da kujerarta da butarta, Des kuma sai ya jira shayinta ya tafasa kafin ya sa bargo.

Ɗaya soket ɗin fa? Ni ban taɓa sayen janareto ba a rayuwata. Doguwar waya gare ni, da bakin gaisuwa. Janareto mafi araha a duk ƙasar nan shi ne na maƙwabcinka, muddin ka san wa za ka kawo wa biskit.

Sanarwa: Mai wannan rubutu ba shi da hannu a narkewar nama, mutuwar kunne, sanyin taya ko sanyin fuska a gida. In aka sayar maka da babur, ban san ka ba. In kuma janareton ya rage a hannunka, ka faɗa mini inda kake kafa lema.